Zaren da Ban Kwance Ba

Ranar Larabar da ta wuce samari uku suka same ni a rumfata ta Gyadi-Gyadi ina sarar ƙashi. Suka ce fim za su yi a kan rayuwar wani ɗan Kano da ya bar dambe ya tafi ƙasar waje yana faɗan cikin keji, irin wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, a danne mutum a ƙasa a yi ta kirɓarsa kamar sakwara. An gaya musu ni na tsara faɗan fim ɗin Mati Sungumi. Babbansu, wani mai gilashi, ya miƙo mini waya ya nuna mini naushin ƙarshe na fim ɗin, ya maimaita shi har sau uku.

Ya ce, "Baba, irin wannan shot ɗin muke so. Wallahi duk finafinan garin nan babu inda duka ya fito kamar gaske irin nan. Wace dabara kuka yi? Ka koya mana kawai, sati ɗaya ma ya ishe mu."

Sati ɗaya. Na dube su, hannuwansu sumul kamar na amare, na ce su je su dawo. To ga amsarku, samari. Na zaɓi in rubuta ta don kada in ga fuskokinku in rage wani abu.

Sunana Lawan, amma a gidan dambe Mai Zare ake ce mini. Mu mahauta ne kaka da kakanni, dambe kuwa gadon mahauta ne. Sau ɗaya tak na taɓa shiga fili, ina da shekara ashirin da ɗoriya, da matata da ɗa guda. A turmin farko, wato zagayen farko, wani siririn Bazamfare ya shimfiɗe ni, na farka na ga ana yi mini fifita da hula. Kawuna Ɗanlami, wanda shi ke ɗaura wa 'yan damben ɓangarenmu zare, ya tsuguna a kaina ya ce, "Lawan, Allah ya ba ka hannun ɗauri, bai ba ka na duka ba. Tashi ka riƙe mini jaka." Daga ranar na zama nasa.

Aikin farko da Kawu ya ba ni wankin zare ne. Zaren dambe igiyar auduga ce mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawonta ya kai gaba goma, kuma in an kwance ta daga hannun ɗan dambe tana fitowa da gumi da jini da ƙasa. In wanke, in shanya a inuwa don rana tana sa ta tsinke, in warware, in naɗe. Damina biyu ina wannan ban taɓa hannun mutum ba. Da ya ga na daina ƙorafi sai ya fara ba ni ƙafar saniya daga mayanka, ya ce in ɗaura mata. In na gama ya ɗauki ƙafar ya maka ta da kututture. In zaren ya motsa ko da kaɗan ne, ya jefo mini ita in sake.

Ga yadda ake yi, tunda kuna ganin naɗe-naɗe ne kawai. Ɗan dambe zai dunƙule hannun dukansa. A fara lulluɓe shi da ƙyalle mai laushi, a tabbata babban yatsa ya kwanta, don in ya leƙo shi ne farkon karyewa. Sai a fara zare daga wuyan hannu a hauro, kowane zagaye ya hau rabin na baya. A kan gaɓoɓin yatsu ake ƙulli, huɗu ko biyar, a jere. Sannan mai ɗauri ya guntsi ruwa ya fesa, zaren ya sha ya tsuke, ya koma kamar dutsen niƙa. In ka matse fiye da kima jini ya tsaya, hannun ya mutu kafin a gama turmin farko. In ka sassauta, ƙashin mai shi ne zai fashe. Tsakanin biyun nan babu ma'auni sai yatsunka da fuskar mutumin da kake ɗaura wa.

Akwai wani ɗan dambe da ya zo mana daga yamma, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa suna raye. Ya miƙo mini hannu a dunƙule, na ji nauyin bai yi daidai ba. Na ce ya buɗe, ya ƙi. Kawu ya zo ya murɗe masa yatsu, sai ga guntun dalma ya faɗo. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗauki dalmar ya ɗaga ta sama inda kowa zai gani, ya saka a aljihu. Mutumin bai ƙara sa zare a Kano ba. Laya kam mun saka, wani ma sai an tofa wa ƙyallensa addu'a, wani ba ya yarda a ɗaura masa yana fuskantar yamma. Duk wannan nasu ne, ba ruwanmu. Namu shi ne kada hannun da muka ɗaura ya yi ɓarnar da ta wuce ta dambe.

Abu biyu Kawu ya bar mini kafin ya rasu. Na farko al'adar fili ce: zaren da aka ɗaura wa namiji ba a kwance shi sai ya yi turmi. In aka ga ana kwance maka zare kafin ka shiga, to ka tsorata ke nan, kuma har ka mutu da wannan za a tuna ka. Na biyu gargaɗi ne. Kowane babban ɗan dambe yana da takensa, kiɗan kalangu da aka yi dominsa shi kaɗai. Kawu ya ce, "In zare ya haɗu da take, hannun ya tashi daga na mai shi. Ko ubansa ne a gabansa sai ya sara." Na haddace duka biyun. Ban taɓa zaton wata rana za su ci karo da juna ba.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, kowa yana murna, mu a nan muka ga tasku. Filin da muke dambe a bayan kasuwar Tarauni mai shi ya sayar, kafin wata uku an zuba bulo an yi shaguna. 'Yan dambe kuma 'yan siyasa suka kwashe su. Ƙato yana tsaye a bayan motar ɗan takara ya sami abin da ba zai samu a turmi goma ba, wa zai zo a fasa masa baki? Makaɗa ma suka bi su, kalangun da ke kiran maza ya koma kiran sunan masu neman kansila. Na rataye jakar zare a ƙusa har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Nama ma bai tafi ba a shekarar, na yi kwanaki ina komawa gida da abin da na fito da shi.

A wannan halin 'yan fim suka same ni. Lokacin finafinan kaset sun fara tashe, kowane lungu da mai kyamara. Aikina na farko da su faɗan 'yan daba ne a wani kango a Unguwar Gano. Na tarar da yara suna kai wa juna duka na gaske suna jin ciwo, a kyamara kuma abin ya fito kamar wasan 'yar tsana. Na ce su tsaya. Na gane cewa faɗan fim dambe ne a juye: a fili kana ɓoye naushinka don kada a gan shi ya sauka, a fim kana nuna shi don a gani amma kada ya sauka. Tsakanin hannu da fuska a bar ɗani guda. Kyamara ta tsaya a bayan kafaɗar mai duka. Wanda aka kai wa shi ke da aikin, shi zai karkatar da wuya a daidai lokacin, ya saki gwiwa. Ƙarar dukan kuwa daga baya ake sa ta, ni nake yin ta da tafin hannuna a kan cinyar saniya. Jini zoɓo ne mai kauri da ɗan zuma. Na kuma ƙirƙiro zaren fim: soson katifa a ciki, zare mai laushi a sama, babu ƙulli, babu ruwa, a jiƙa shi da ruwan shayi ya yi kalar tsufa. A ido ba ka bambanta shi da na gaske. Ko jariri ka dangwara wa sai dai ya yi dariya.

Fim shida na yi musu babu wanda ya ƙwarzane. Sai aka zo na Mati.

Mati Sungumi ɗan damben ɓangarenmu ne, ni na ɗaura masa zare shekara goma sha ɗaya. An sa masa Sungumi don duk inda ya sara sai ya bar rami. Ƙarshensa bai yi kyau ba. A dambensa na ƙarshe wani yaro sabon jini ya kayar da shi a gaban dubban mutane, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, bai sake shiga fili ba. Lokacin da ake maganar fim ya haura hamsin, yana gadin wani gidan mai, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasa sosai. Wani matashin darakta ya ce zai yi fim ɗin rayuwarsa tun daga yarinta. Wani jarumi ne ya fito a matsayin Mati yana saurayi, amma damben ƙarshe Mati da kansa zai yi, kuma a fim ɗin shi zai yi nasara. Da aka gaya masa haka sai ya ce ya yarda.

Wanda zai fito a abokin karawarsa shi ne Bitrus. Ɗan wata malamar firamare ce a Tarauni, Malama Rahila, mutanen kudancin Kaduna, mijinta ya rasu yana aikin gwamnati a nan Kano. Bitrus ya koyi kareti tun yana ƙarami, ya iya faɗuwa fiye da duk wanda na taɓa koya wa, kuma a lokacin ya ci jarrabawar shiga soja, gwajin lafiya kawai ya rage masa. Uwarsa ta ce ba ta yarda ya yi fim ɗin ba. Ni na ɗauki jakata na je gidansu da la'asar. Ta ba ni kujera da ruwa, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam Lawan, shi kaɗai gare ni namiji. Saura sati uku likitocin soja su duba shi. An ce mini mutumin nan ya taɓa karya wa wani muƙamuƙi."

Na ce, "Gaskiya ne, Malama. Amma da wancan zaren ne. Ga wanda za a sa masa."

Na ɗaura zaren soso a hannuna na miƙa mata. Ta danna shi da babban yatsa. Ta kama hannun nawa ta buga shi a kuncinta, a hankali, sannan ta ƙara da ɗan ƙarfi. Ta ce, "Wannan za a sa? Ka tabbata?" Na ce mata ni ne mai ɗaurawa, babu wani. Ta ce to ta ba ni amanarsa.

Kwana tara muna gwaji a tsakar gidana, Mati da zaren soso, Bitrus yana faɗuwa. Mati ya riƙe ɗanin nan kamar da ma'auni aka haife shi. Har shaƙuwa suka yi, Bitrus yana ce masa Baba, shi kuma yana koya masa kirari yana dariyar yadda yake karya harshe. Sharaɗi ɗaya na kafa wa darakta: kada a buga kalangu lokacin ɗauka, a sa kiɗan daga baya. Ya ce ya ji.

Ranar ɗauka a wani fili ne a Darmanawa, bayan la'asar. Darakta yana son taro, sai ya sa aka yi shela cewa Sungumi zai shiga fili. Mutanen da suka zo ba 'yan kallon fim ba ne. Tsofaffin 'yan dambe ne, da mahautan Tarauni, da waɗanda suka ga faɗuwarsa da idonsu shekarun baya. Har tsohon makaɗinsa aka ɗauko a kan acaɓa, ya makance rabi, aka zaunar da shi da kalangunsa don kyamara ta nuna shi kawai.

Darakta ya ce yana son a fara ɗaukar hannu kusa-kusa ana ɗaura zare, kuma na gaske yake so, da ƙulli da fesa ruwa, don a kusa soso yana tona kansa. Wannan daidai ne, mun saba. A ɗauka, a kwance, a sa na soso. Na tsuguna na ɗaura wa Mati irin ɗaurin da na saba yi masa, ƙulli biyar, na fesa ruwa. Aka gama ɗauka, na kai hannu zan kwance.

Mati ya janye hannunsa. Ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Lawan, dubi waɗanda ke zaune. A gabansu na faɗi. Yanzu kuma a gabansu za ka kwance mini zare ka naɗa mini katifa?"

Na ce, "Mati, fim ne."

Ya ce, "Su ba su san fim ba. Kwana tara na taɓa yaron nan? Don girman Allah kada ka tozarta ni sau biyu."

Darakta yana ta kiran rana za ta faɗi. Na dubi Bitrus, yana can yana miƙa jiki, bai san me ake ciki ba. Da zan iya jan Mati bayan mota in canza a ɓoye. Da zan iya kiran Bitrus in gaya masa ya ƙara ja da baya. Ban yi ko ɗaya ba. Shekara talatin ke nan hannuwana sun san cewa ba a kwance wa namiji zare a gaban maza, kuma a ranar al'adar nan ta fi mini maganar da na yi wa Malama Rahila nauyi. Na ce a raina ai babu kiɗa. Na tashi na ba shi wuri.

Turmin farko ya tafi yadda muka tsara. Na biyu ma haka, Mati yana barin ɗaninsa, Bitrus yana karkatar da wuya. Taron ya fara ɗumi, ana kiran Sungumi, Sungumi. Makaɗin nan ba ya ganin kyamara, ba ya ganin darakta. Abin da ya ji kawai ana kiran sunan gwaninsa a fili bayan shekara da shekaru. Babu wanda ya ce ya buga, babu kuma wanda ya gaya masa kada ya buga, don ni na bar wa darakta, darakta ya manta. Sai kawai na ji taken Mati ya tashi.

Na ga bayansa ya miƙe. Gwiwar da ba ta lanƙwasa ta lanƙwasa. Ya fara tsuma tun daga kafaɗa, idonsa ya bar kan Bitrus ya koma wani wuri da ni na sani. Na yunƙura ina kiran a tsaya, hayaniya ta haɗiye muryata. Bitrus ya matso daidai inda na koya masa, ya saki hannun kariyarsa kamar yadda na koya masa, ya miƙa fuskarsa yana jiran iska ta wuce.

Ƙarar da kuka ji a wayarku ba cinyar saniya ba ce. Ban sa wa wurin nan komai ba.

Taron ya ɓarke da sowa, suna ganin gwaninsu ya rama. Ni na fara isa kan Bitrus. Ƙashin da ke ƙarƙashin idonsa na hagu ya burma ciki, ƙulli uku sun zauna a fatar kamar an buga hatimi. Muka sa shi a motar darakta. Mati yana tsaye a tsakiyar fili yana kallon hannunsa. Ni na kwance masa zaren daga baya.

A asibiti likita ya ce idon ya tafi. Malama Rahila ta iso da allin makaranta a hannun rigarta. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Malam Lawan, ka ce mini soso ne." Kunyar da na ji a barandar asibitin nan ban taɓa jin irinta ba, ko ranar da aka shimfiɗe ni a fili.

Soja ba sa ɗaukar mai ido ɗaya. Mati ya yi kwana huɗu yana zuwa ƙofar asibitin ya zauna a ƙasa, bai iya shiga ba, sai Bitrus ne ya aika aka shigo da shi. Bayan damina biyu Mati ya rasu, kuma bai taɓa yarda ya kalli fim ɗin ba. Na roƙi darakta ya cire wurin. Ya ce mini ya yi nadama ƙwarai, amma ba su da wani ɗaukan, kuma fim ba ya ƙarewa babu ƙarshe. Fim ya fito, ya karɓu, aka yi ta yaba wa Mai Zare da iya tsara faɗa. Daga shi ban sake ɗaura wa kowa zare ba, na gaske ko na soso. Jakar tana nan a ƙusa.

To kun ji. In kuna son in koya muku ɗani, da faɗuwa, da zoɓo da zuma, ku zo, amma ku manta da maganar sati ɗaya, kuma ranar da na ce a tsaya, ko gwamna ne a wurin za a tsaya. In kuwa dabarar wancan naushin kuke nema, ba a wurina take ba. Ku hau adaidaita sahu zuwa Darmanawa, ku tambayi shagon siminti na Bitrus, kowa ya san shi. Ku shiga ta gefen hagunsa ku miƙa masa hannu ba tare da kun yi magana ba, ku ga tsawon lokacin da hannunku zai yi a iska.

Ni duk Juma'a nake zuwa, da ɗan naman da na keɓe masa. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma har yanzu ta gefen hagunsa ƙafata take kai ni, ban san dalili ba. Sai in yi sallama, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Baba Lawan, zagayo ta dama in gan ka."